Lambobi Huɗu a Gefen Tsohuwar Taswira

Idan rikicin burtali ko na ramin haƙar ma'adinai ya taso a Katsina, akan ji wani ya ce a ɗauko tsohuwar taswira. Yawancin irin waɗannan taswirori an zana su ne daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da 1960, aikin ma'aikatan safiyo na Najeriya da hukumar safiyon Birtaniya ta ƙasashen waje, wadda aka kafa a 1946. Kafin a kafa hujja da su, akwai lambobi huɗu da ya kamata a duba.

1:50,000. Wannan shi ne ma'auni: santimita ɗaya a takarda mita 500 ce a ƙasa. Saboda haka burtali mai faɗin mita 25 rabin milimita ne kacal, kaurin layin fensir. Taswirar za ta nuna inda shanu ke bi, amma ba za ta faɗi taku nawa gona ta ci daga hanyar ba.

750. Kowane fallen taswira yana ɗauke da kimanin murabba'in kilomita 750. Jihar Katsina kuwa ta ɗan haura 24,000, wato sai an jera falle fiye da 32 kafin a rufe ta. Mai bin hanyar kiwo daga Dajin Rugu zuwa iyakar Nijar falle ɗaya ba zai ishe shi ba.

Ƙafa 50. A yawancin taswirorin tazarar layukan tsayi ke nan, kusan mita 15. Inda layukan suka cunkushe, kamar a duwatsun Dutsin-Ma, hawa ne mai tsauri. Inda suka yi nisa da juna, kamar kewayen birnin Katsina mai tsayin mita 500 da ɗoriya, shimfiɗaɗɗen fili ne. Ramin farar ƙasa na Ƙanƙara da bai kai zurfin mita 15 ba yana iya ɓacewa tsakanin layi biyu.

Shekara. Ita ce ta fi muhimmanci. Fallen da aka ɗauki hotonsa kafin dokar gandun kiwo ta 1965 bai san iyakokin da dokar ta haifar ba, bai san farin 1973 ba, balle madatsar Zobe ta 1983.

Don haka taswirar shaida ce kan inda daji, mashaya da burtali suke a wancan zamani. Iyakar gona kuwa, sai an fita da ma'aikacin safiyo da dattawan gari an auna.