Kwamfutocin Wasanni: Suna Ɗaya, Ƙarfi Daban

ABUJA: Kwamfutar tafi-da-gidanka da aka ƙera domin wasanni ta daina zama kayan matasa kaɗai. A ofisoshin Jabi da Utako, masu zanen gine-gine da masu tace bidiyo da masu shirya tallace-tallace ita suke nema, domin tana ɗauke da ƙaƙƙarfar na'urar sarrafa hotuna, wadda 'yan kasuwa ke kira girafik. Amma tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen N460 har ta haura N1,500 a Fabrairun 2024, sayen irin wannan kwamfuta ya koma zuba jari. Duk wanda zai shiga Banex Plaza da ke Wuse II, ko ya aika Kauyen Kwamfuta na Ikeja, ya kamata ya san abu guda: girafik ɗin da ya saya ran farko, da shi zai zauna har kwamfutar ta tsufa.

Kanwa da yaya

Kusan kowane babban kamfani yana da jeri biyu, na masu matsakaicin hali da na masu hannu da shuni. Lenovo yana da LOQ da Legion, HP yana da Victus da Omen, Acer yana da Nitro da Predator, Asus kuma yana da TUF da ROG. Sau da yawa za a tarar da girafik iri ɗaya na kamfanin Nvidia a cikin duka biyun, alhali tazarar farashinsu tana da yawa. A nan ne mai saye yake rikicewa, ya ga kamar ƙarin kuɗin na suna ne kawai.

Dalilin yana ga wutar da aka ƙyale girafik ɗin ya sha. Da Nvidia ya fitar da RTX 4060 na tafi-da-gidanka a shekarar 2023, ya bar wa masu ƙera kwamfuta zaɓi daga wat 35 zuwa 115, da ƙarin da ke iya kai shi 140. Misali, MSI Cyborg 15 ta tsayar da shi a kan wat 45, Lenovo LOQ 15 ta ba shi 115, Legion Pro 5 kuwa ta kai shi 140. Tambarin da ke jikin kwali ɗaya ne, amma aikin ba ɗaya ba ne. Wuta mai yawa tana haifar da zafi mai yawa, shi kuwa zafi yana bukatar manyan fankoki da bututun tagulla da gangar jiki mai kauri. Wannan ne abin da mai saye yake biya. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja yake tsananta, siririyar kwamfuta takan rage gudu da kanta domin kada ta ƙone.

Abu na biyu shi ne ma'ajiyar da girafik yake aiki da ita. RTX 4050 yana da gigabayit 6, RTX 4060 da RTX 4070 kowanne yana da 8, RTX 4080 kuma yana da 12. Saboda haka wanda ya ƙara kuɗi ya tsallake 4060 zuwa 4070 ya sami ƙarin gudu, amma bai sami ƙarin wuri ba. Ga mai tace dogon bidiyo ko mai zana babban gini, ƙarancin wurin nan ne yakan fara tsayar da aiki. Haka kuma kada a ɗauka na tafi-da-gidanka daidai yake da takwaransa na tebur: RTX 4090 na tebur yana da gigabayit 24, na tafi-da-gidanka kuwa 16.

Me ake iya canzawa?

A galibin waɗannan kwamfutoci ana iya ƙara ram, a kuma sa babban faifan ajiya na SSD, kuma kowane ƙwararren mai gyara zai yi wannan cikin ɗan lokaci. Girafik kuwa liƙe yake da dalma a jikin babban allon kwamfutar. Canza shi yana nufin canza allon gaba ɗaya, wanda shi ne mafi tsada a cikin na'urar.

An sha ƙoƙarin sauya wannan hali. A 2004 Nvidia ya fito da tsarin MXM, wato girafik mai cirewa, amma sannu a hankali ya ɓace daga kasuwa yayin da kwamfutoci suke ƙara sirancewa. A 2019 kamfanin Dell ya tallata Alienware Area-51m a matsayin wadda za a iya ɗaukaka kayan cikinta, sai dai sababbin kayan da suka fito a 2020 ba su shiga cikinta ba, har wani mai saye ya kai ƙara kotu a jihar Kalifoniya ta Amurka a 2021. Kamfanin Framework ne ya farfaɗo da tunanin da Laptop 16, wadda ta isa hannun masu saye a farkon 2024 da girafik Radeon RX 7700S mai zarewa, kuma a 2025 ya fitar da RTX 5070 da ke shiga gurbinsa. Wannan ci gaba ne, amma ba kaya ba ne da ake tsinta a kowane shago.

Hanya ta uku ita ce akwatin girafik na waje, kamar Razer Core X na 2018, wanda ake sa masa girafik na tebur a haɗa shi da kwamfuta ta kafar Thunderbolt. Yana da sharuɗɗa. Dole kwamfutar ta kasance da wannan kafa ko USB4, abin da masu araha da yawa ba su da shi. Wayar ba ta kai ramin kwamfutar tebur faɗin hanya ba, don haka wani kaso na ƙarfin yana salwanta. Ga kuɗin akwati, ga na girafik, ga shi kuma ba ya aiki sai da wutar soket. Idan aka haɗa lissafi, sau da yawa gina kwamfutar tebur ya fi riba.

Lissafin ɗan kasuwa

Batun wuta yana da fuska biyu. Kwamfutar da ke jan wat 200 na awa takwas ta sha yunit 1.6 ke nan, wato N360 bisa farashin N225 da aka yanka wa rukunin A a Afrilun 2024. Wannan ba shi ne nauyin ba. Nauyin shi ne, da an zare caja girafik yakan rage ƙarfi, batirin kuma bai daɗewa a kan aiki mai nauyi. Gidan wasanni ko ofishin da ke da guda goma yana bukatar janareta ko inbata da za ta ɗauki kilowat biyu, ban da na'urar sanyaya ɗaki.

Don haka kafin a biya, a nemi cikakkiyar lambar samfuri, ba sunan jeri kaɗai ba. A buɗe manhajar Nvidia da ke cikin kwamfutar a duba iyakar wat da girman ma'ajiya. A kalli cajar: ƙaramar caja alama ce ta girafik da aka taƙaita wa wuta. Idan ta hannu ce, a gwada ta da aiki mai nauyi na rabin awa a cikin shagon, a saurari fanka, a kuma karɓi garanti a rubuce, kada a yi cinikin biri a sama.

Idan kuɗi ya gaza, a rage ram da faifan ajiya, tun da ana iya ƙara su daga baya, a zuba abin da ya saura a girafik da tsarin sanyaya. Su ma dillalai, wanda ya rubuta wat da gigabayit a jikin takardar farashi zai rage rigimar dawo da kaya, ya kuma riƙe abokan ciniki. Sayen nagari, in ji Hausawa, mai da kuɗi gida.