Cin da Ba na Yunwa Ba: Bayani a kan Mai Jinyar Miji ko Mata Mai Ciwon Daji

 

Darasinmu na yau ya shafi wani bawan Allah da ba a cika tambayar lafiyarsa ba, shi ne mai jinya, ina nufin wanda yake zaune da marar lafiya dare da rana. Ku lura da gaisuwarmu ma. Idan mun shiga dubiya, marar lafiya muke ce wa "ya jiki", shi kuwa mai jinya sai mu ce masa "ya mai jiki". Ko a gaisuwar da aka yi masa, lafiyar wani ake tambaya. To, a cikin masu jinya za mu keɓe matar da mijinta ke fama da ciwon daji, wanda wasu ke kira sankara ko kansa, da mijin da matarsa ke fama da shi, mu dubi wani hali da yake kama da yawa daga cikinsu, suna ɓoye shi don kunya: yawan ci ba tare da yunwa ba.

Ciwon daji ba kamar masassara ba ne, da za a yi kwana biyar a tashi. Jinyarsa watanni ce, wani lokaci shekaru. A ƙasarmu babbar cibiyar yaƙi da wannan ciwo tana Yamai, kuma sai a shekarar 2021 aka fara aiki da na'urar da ake gasa ciwon da haske. Kafin nan mai buƙatarta sai ya fita waje, in yana da hali. Mutumin Maraɗi zai yi tafiyar fiye da kilomita 600 kafin ya isa, na Damagaram kusan 900. A sayar da tumaki, a jinginar da gona, a sauka gidan dangi ko a shimfiɗa tabarma a harabar likita, a dawo gida, bayan ƴan makonni a sake komawa. Ga maganin da ake ɗurawa ta jijiya, wanda ma'aikatan likita ke kira shimiyo: yana zubar da gashi, yana kawo tashin zuciya, yana sa bakin marar lafiya ya yi gyambo, ɗanɗanon abinci ya canja masa. Sai miji ya ce yana marmarin farfesu. Matar ta nemo kuɗi da kyar, ta dafa, ta kawo. Ya kai cokali biyu, ya kau da kai. Ya ce a dama masa fura, a dama, ya kurɓa sau ɗaya ya ajiye. Wa zai ci sauran? Ita ce. Tana tsoron almubazzaranci, tana tuna kuɗin da aka kashe, kuma zuciyarta na ƙuna don an ture abin da ta yi da hannunta, ko da ta san ba da gangan ba ne. Daga nan ake farawa.

Bayan wani lokaci sai abin ya wuce cin saura. Marar lafiya ya samu barci wajen tsakar dare bayan doguwar nishi, ita kuma barci ya ƙi zuwa. Sai ta sami kanta a bakin tukunya, tana cin tuwon da ya huce a tsaye, ko tana jiƙa gari da sukari, ko tana ɓantarar burodi, alhali ta ci abincin dare. Ba ta jin daɗinsa, ba ta ma san ta cinye ba sai ta ga kwano wayam. Namiji kuwa nasa a waje yake yi, shi ya sa ba a ganewa. Ya fito daga ɗakin da matarsa take kwance, ya zauna wurin mai shayi, a soya masa ƙwai, a cika masa kofi da madara da sukari, ya wuce wurin mai nama, ya sha lemun kwalba biyu, goro kuwa ba ya barin bakinsa. Mutane su ce yana hutawa ne. Gudu yake yi daga abin da ya baro a ɗaki.

Likitoci sun yi bayanin sababin wannan, kuma bayaninsu bai saɓa wa abin da muka gani da ido ba. Sun ce tsoron da ya zo farat ɗaya yana rufe ciki, kamar ranar da aka fara faɗa wa mutum sunan ciwon, ya wuni bai iya haɗiye ko ruwa ba. Amma damuwar da ta daɗe tana sa jiki ya riƙa sakin wani sinadari a cikin jini, suna kiransa kotizol, wanda yake ƙara sha'awar abu mai zaƙi da mai maiƙo. Rashin barci kuma yana ƙara jin yunwa, yana rage jin ƙoshi. Shi zaƙin yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, kamar wanda ya sami inuwa a tsakar rana, sannan ya wuce ya bar nauyin ciki da nadama, nadamar ta ƙara damuwa, damuwar ta sake tura mutum bakin tukunya. Akwai kuma waɗanda nasu ya juya ta ɗaya gefen, suka daina ci har suka rame tare da marar lafiyarsu. Tushen ɗaya ne.

Yaya mutum zai gane wace yunwa ce ta zo masa? Yunwar ciki a hankali take zuwa, kowane abinci aka ba ta za ta karɓa, kuma idan an ci tana tafiya. Ita wannan kwatsam take faɗowa, yawanci bayan mugun labari daga likita, ko bayan an miƙo takardar magani babu kuɗin saye, ko bayan marar lafiya ya yi faɗa saboda zafin ciwo. Abu guda take so, ba ta karɓar wani, kuma ciki zai cika ita ba ta ƙoshi ba.

A nan zan tsaya da masu baki, domin su ne rabin cutar. Mace tana jinya wata takwas, jikinta ya ƙaru saboda abin da muka bayyana, sai a fara raɗa a gidan biki da bakin rijiya: "Mijinta na kwance yana narkewa, ita tana ƙiba." Wata ta ce ba ta damu da shi ba. Wata ta ce gado take jira. Har a sami marar tsoron Allah da zai ce ita ta yi masa asiri. Ya ku jama'a, Allah Maɗaukaki a cikin Suratul Hujurati ya hana mu mugun zato da bin diddigi, ya kamanta mai giba da mai cin naman ɗan'uwansa matacce. To, wane ci ne ya fi muni, nata ko naku? Ita tuwo ta ci. Kuma ku da kuke ƙirga lomarta, dare nawa kuka kwana a gefen gadon nan? Malamai sun yi dogon bayani a kan sha'awar ciki da hanyar karya ta, Imamu Gazali ya ware mata babi a cikin Ihya'u, amma wanda suke zargi shi ne mai bauta wa cikinsa cikin lafiya da kwanciyar hankali. Kada a ɗauko hukuncin wancan a ɗora wa wanda baƙin ciki ya danne.

Ku dubi matsayin da Musulunci ya ba mai jinyar iyalinsa. Yaƙin Badar an yi shi ne a cikin wannan wata, ranar 17 ga Ramadan, shekara ta 2 bayan hijira. Sayyidina Usmanu ɗan Affana, Allah ya yarda da shi, bai halarce shi ba, domin matarsa Nana Ruƙayya, ɗiyar Manzon Allah, tana kwance da ciwon da ya zama ajalinta. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya bar shi ya yi jinyarta, ya kuma tabbatar masa da lada da rabon ganima irin na wanda ya halarta. Wanda aka daidaita zamansa a gefen shimfiɗar matarsa da tsayuwa a sahun Badar, ai ba abin yi wa raɗa ba ne. Wannan kuma amsa ce ga mazan da suke ganin jinyar mace aikin uwarta ne da ƙannenta kaɗai.

Amma ke baiwar Allah, da kai bawan Allah, uzuri ba ya hana cuta kama mutum. Wannan ci idan ya ɗore yana buɗe ƙofa ga ciwon sukari da hawan jini, musamman ga wanda shekarunsa suka ja, ko yake da su a cikin dangi. In kin kwanta, wa zai juya shi, wa zai kai shi Yamai? Salmanul Farisi ya taɓa iske ɗan'uwansa Abud Darda'i ya takura kansa da azumi da tsayuwar dare, ya tilasta masa ya ci, ya hana shi tashi sai ƙarshen dare, ya tuna masa cewa kansa da iyalinsa suna da haƙƙi a kansa. Da labari ya kai ga Annabi sai ya gaskata Salmanu. Jikin mai jinya amana ne kamar jikin wanda ake jinya. Shi ya sa nake cewa, duk ranar da kuka kai marar lafiya likita, kai ma ka miƙa hannunka a auna maka jini da sukari. Kuma in damuwar ta kai ga barci ya ƙaurace gaba ɗaya, ko kuka ba dalili, ko mutum ya ji rayuwa ta fita daga ransa, a faɗa wa likita; wannan ba raunin imani ba ne.

Shari'a ba ta yi musun cewa abinci yana sanyaya zuciya ba. Uwar muminai Nana A'isha takan sa a yi talbina ga marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, kuma ta ruwaito daga Annabi cewa tana hutar da zuciyar marar lafiya, tana rage wani sashe na baƙin ciki. Talbina kuwa kunu ne mai ruwa-ruwa na garin sha'ir, wani lokaci da madara ko zuma. Kusan kunun geronmu ke nan. Abu ne mai ɗumi, mai sauƙi, wanda wani ya dama maka ya miƙo maka, ka sha a zaune a cikin mutane. Ku auna shi da cin tsaye a duhu, a ɓoye, da sauri. Bambancin ba a cikin kwano kaɗai yake ba. Sannan ma'aunin da aka koya mana tun muna yara yana nan: sulusi na abinci, sulusi na abin sha, sulusi na numfashi. Game da saura kuwa, a riƙa zuba wa marar lafiya kaɗan kaɗan, in ya so a ƙara. Abin da ya rage a tukunya a ba almajiri ko maƙwabcin gado. Ba a kuɓuta daga almubazzaranci ta hanyar mai da ciki mazubi. Kuma ku sani, ciwon daji ba a ɗaukarsa ta kwano ko ta zama tare. Masu gudun gidan don wannan tsoro su dawo.

Su dawo, domin babban maganin yana hannunsu. Lokacin da aka kashe Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, Annabi ya yi umarni a dafa wa iyalinsa abinci saboda abin da ya shagaltar da su. Mu mun riƙe wannan ranar rasuwa, mun manta da watannin da suka gabace ta, alhali gidan da ake doguwar jinya shi ma a shagalce yake. Sai dai kada taimakon ya tsaya ga kwalin sukari da lemun kwalba da muka saba riƙowa, waɗanda marar lafiya ba ya iya sha, su taru a gefen mai jinya. Ka kawo dafaffen abinci na kirki, wake ne, dambu ne, zogale ne, ka zauna ku ci tare. Mafi girma daga wannan, ka karɓe ta dare ɗaya a mako. Ƙanen miji ya kwana da yayansa, babban ɗa ya kwana da mahaifinsa, kishiya ta karɓi kishiya, a bar baiwar Allah ta yi barci cikakke. Na fi ganin amfanin dare ɗaya na barci a kan nasiha goma.

Saura hukuncin azumi, domin a wannan wata abin yake tsananta: a wuni da yunwa da jinya, a sha ruwa, sannan a buɗe ci har sahur, fanke da ƙosai da kayan zaƙi, a wayi gari da ƙishirwa da kasala. Shawarata, a sha ruwa da dabino ko kunu, a yi Magariba, a ci abinci sau ɗaya a zaune, a jinkirta sahur. Tsakanin nan idan waccan yunwa ta taso, a yi alwala, a yi raka'a biyu, ko a kira ɗan'uwa a waya a yi magana, a ba ta ɗan lokaci. Sau da yawa takan lafa.

Jinya ita kaɗai ba ta cikin uzuran da suke halatta ajiye azumi. Mai jinya zai kwana da niyya kamar kowa. Amma in wahala ta kai shi ga tsoron cuta a kan kansa, ya sha, ya rama bayan Salla, babu kaffara. In yana da ciwon sukari ko hawan jini, to shi ma marar lafiya ne, ya tambayi likita amintacce tun kafin ya ɗauka. Wanda ruɗewa ta sa ya kai loma baki da rana cikin mantuwa, a mazhabar Imamu Malik zai kame bakinsa sauran yinin, ya rama ranar, ba kaffara a kansa. Wanda kuwa ya ci da gangan, yana sane, ba tare da uzuri ba, akwai ramuwa da kaffara: ciyar da miskinai 60, kowane mudu ɗaya da mudun Annabi, ko azumin wata biyu a jere, ko ƴanta baiwa, kuma ciyarwa ce aka fi so a mazhabarmu. Duk wanda wani abu irin wannan ya same shi a cikin jinya, kada kunya ta sa ya yanke wa kansa hukunci shi kaɗai. Ya je wurin malami ya faɗi yadda abin ya faru dalla-dalla, domin sau da yawa abin da mutum yake zato ganganci ne, idan aka bincika sai a iske lalura ce.

Gobe in Allah ya kai mu za mu ɗauki hukuncin allura da ƙarin ruwa ga marar lafiya mai azumi.