Bayan Sadakar Arba'in, Wa Ke Leƙa Gidan Mamaci?



Daga damanar da ta wuce zuwa yau Allah ya karɓi mutanenmu da dama. Wasu a ɗakinsu suka cika, gaban iyali. Wasu kuwa a kan hanya, sai dai labari ya iso gida. Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta, mu kuma ya kyautata namu ƙarshen. An karanta sunayensu a taron ƙungiya, an yi addu'a, an shafa. Amma da za a tashi sai wani dattijo ya tare mu da tambaya, ya ce, "To, an shafa fatiha. Gidajen nasu fa, wa ya leƙa tun bayan arba'in?" Kowa ya yi tsit. Wannan tambaya ita ta sa muka ɗauki alƙalami.

Akasarin waɗanda muka rasa mutanen ƙauye ne, manoma masu haɗawa da fatauci in rani ya yi. Ba su da kanti a Maraɗi ko Damagaram, ba su da suna a rediyo, amma da ƙafarsu aka taka wannan sana'a har ta kawo inda take. Dattawan cikinsu sun fara tun suna samari, da sanda da gora, suna koro shanu daga wajen Dakwaro da Tanut, su bi burtali kwana da kwanaki har Ƙauran Namoda ko Kano, inda ake loda su a jirgin ƙasa zuwa Ikko. A gabansu Nijeriya ta bar fam ta koma naira a 1973. Sun ga farin 1973 da 1974, sun ga bushiyar 1983. Sun ga rufe iyaka daga Afrilun 1984 har Maris na 1986, wanda ya haɗu da yunwar nan da mutanenmu suka raɗa wa suna El Buhari, lokacin da saniya ba ta sayen buhun hatsi. Sun kwana sun tashi a Janairun 1994 darajar saifa ta rabu biyu. Da tsufansu kuma suka sake ganin an rufe iyaka a 2019, aka kuma a 2023. Duk wannan ba su fasa ba. Wanda ya karye ya koma kora, in ya ɗan farfaɗo ya sayi ɗan maraƙi ya sake ɗaura ɗamara.

To irin waɗannan mutane, littafinsu na cikin kansu. Nan fa matsalar take, kuma ita muke so mu warware.

Kowa ya san yadda kuɗin shanu ke tafiya. Makiyayi ya kawo sa kasuwar daji, ɗan baranda ya saya, ya biya rabi, saura sai kasuwa mai zuwa. Falke ya karɓa daga hannunsa ya tsallaka da shi Jibiya, ko Mai'aduwa, ko Illela, ko Maigatari. Daga can a loda tirela zuwa Kudu, a sauka wurin maigida, dillalinsa ya ba mahauci bashi bisa lamuni, sai an yanka an sayar kana kuɗi su fara komowa ta hanyar da shanun suka bi. Sa guda sai ya ratsa hannu biyar ko shida, kuma a duk hannun da ya ratsa akwai saura. Ba takarda, ba sa hannu. "Na sallama," "Allah ya sa albarka," a tafa, shi ke nan. Muddin mutum na da rai wannan tsari yana aiki, don kowa na tsoron ɓata sunansa a kara. Ran da ya faɗi kuwa sai igiyar ta tsinke a tsakiya.

Abin da muka sha gani shi ne, masu bin mamaci bashi ba sa makara. Tun ba a naɗe tabarmar zaman makoki ba sun iso, kuma ba mu ga laifinsu ba, hakkinsu ne. Amma waɗanda mamacin ke bi fa? Sai ka ji shiru kamar an shuka dusa. Wani ya zo gaisuwa, ya zauna, ya sha fura, ya ajiye jikka biyu ta ta'aziyya, alhali kuɗin bijimi uku na marayun suna aljihunsa. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, a cikinmu ake yin wannan. Sau da yawa ma akwai na uku da aka yi cinikin a gabansa, ya sani sarai, amma ya ce ba ya son shiga maganar mutane. Malamai sun karantar da mu cewa ɓoye shaida zunubi ne mai zaman kansa, kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka.

Wani kuma ba ya musu, sai dai ja. Yau ne, gobe ne, sai bayan Salla. Alhali bashin naira in ya daɗe narkewa yake yi. Wanda ya ga yadda naira ta zube a gaban saifa a 2023 da 2024 ya san abin da muke nufi: kuɗin da za su sayi karsana ran da mutumin ya rasu, bayan shekara sai su tsaya a ɗan maraƙi. Saboda haka mai biya ya biya da wuri.

Ban da bashi akwai ajiya. Akwai kuɗin da ke wurin ɗan canji a bakin iyaka. Akwai na cikin waya da na banki, waɗanda mamaci kaɗai ya san lambar sirrinsu, banki kuwa ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar shaidar mutuwa da ta kotu. Akwai shanun da ya ba Bafillace kiwo, sun tafi cin rani, ba za a gan su ba sai ruwa ya sauka. Akwai saniyar habbanaye, wadda ya ara wa wani ko aka ara masa, uwar ta mai ita ce, ƴaƴan na mai riƙo. Akwai jarin da wani alhaji ya ba shi don a raba riba, wanda in ba a bayyana ba magada za su ɗauka duk garken na ubansu ne. Waɗannan duka matar gida ba lalle ta sani ba, don yawancinmu ba ma gaya wa iyali sirrin kasuwa. Abokan tafiya su suka sani. Su suka san tsagar kunnen shanunsa da lambar wutarsa.

Yadda shari'a ta jera abin kuwa a fili yake. Daga dukiyar mamaci ana fara fitar da kuɗin likkafani da binnewa. Sa'an nan a biya bashi, ko da zai cinye dukiyar duka. Sa'an nan wasiyya in ya bari, ita kuma ba ta wuce sulusi. Abin da ya rage shi ne gado. Amma tun kafin a kai nan sai an ware abin da ba nasa ba ne, kuma a nan ake yawan cutar mata. A garken gida akwai saniyar sadakin uwargida, akwai ragunan da amarya ta turke da kuɗin ƙuli-ƙulinta, akwai akuyar da kaka ta ba jika. Don suna kwana a turke guda ba su zama na maigida ba.

Bari mu ba da misali don a gane. A ce bayan an biya kowa an fitar da wasiyya, shanu 16 suka rage masu daraja ɗaya. Mamacin ya bar mata biyu, da ƴaƴa maza uku, da ɗiya guda, iyayensa kuma sun riga shi. Matan suna da tumuni, wato shanu 2, kowace ɗaya. Saura 14 a kasa bakwai, kowane namiji ya ɗauki 4, ɗiyar ta ɗauki 2. Da bai bar ɗa ko jika ta wajen ɗa namiji ba, da rubu'i matan za su raba. In akwai mai ciki cikinsu, a mazhabarmu ta Malikiyya ana dakatar da rabo har ta sauka. Wannan misali ne kawai, rabon gaske aikin malami ne ko alƙali, kada kowa ya ɗauki takardar nan ya ce zai raba gado da ita.

Amma ai shanu ba sa zama daraja ɗaya. Guzuma daban, karsana mai ciki daban, Azawak mai nono daban da jan Bororo. Dole sai an yi musu kuɗi, kuma wa ake kira? Mu. To a nan muna da magana guda, kuma ba za mu sassauta ta ba: wanda ya yi wa shanun marayu kuɗi kada ya zama shi ne mai saye, ko yaronsa, ko abokin jarinsa. An sha yi, a karya farashi a zaure da sunan taimako, ran kasuwa a ci riba ninki. A kira mutum biyu ko uku waɗanda ba su da ido a kan dabbobin. In kuma sayarwa za a yi, a kai su kara kowa ya taya.

Ga kuma maganar yanka. Malamai sun saɓa a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, mu ba za mu shiga wannan ba, ba fagenmu ba ne. Abin da ba su saɓa a kai ba shi ne dukiyar maraya ba ta ciyar da baƙi. Wanda ke son a kayar da sa don girmama mamaci, madalla, ya kayar daga nasa turken.

Mu tuna kuma matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma take zaune, mai ciki kuwa har ta haihu. Ba ta zuwa kasuwa, balle ta tsallaka iyaka bin bashi. Daidai lokacin da maganar ke da ɗumi, shaidu na nan, ita tana ɗaki. Kafin ta fita an manta. In ƴaƴan ƙanana ne, to in ba abokan sana'ar ubansu sun tsaya ba, babu mai tsayawa. Wani ɗan uwan namu kuma gida biyu gare shi, ɗaya a ƙauye nan, ɗaya a zango can Agege ko Sabon Ibadan, wataƙila ma matan ba su taɓa ganin juna ba. Iyaka ba ta hana gado. Wanda ya san da auren, ko ya halarci sunan yaran, ya faɗa tun kafin a raba, kada a bari sai bayan shekara biyar yaro ya zo da kawunsa a tayar da rigima.

Wanda ya cika a hanya, nauyinsa na kan abokan tafiya. An saba a binne shi inda ya faɗi, wannan daidai ne. Amma a ƙirga abin da ke jikinsa gaban mutum biyu, a san garin da maƙabartar don a gaya wa ƴaƴansa, a nemi takardar likita ko ta hukumar wurin, don ranar da za a bukace ta tana zuwa. Shanun da ya ɗauko a sayar, a rubuta abin da kowane ya yi, a fitar da kuɗin mota da la'ada, a kawo saura gida da takardar. Mafi wuya shi ne wanda ya ɓace, ba gawa ba labari, abin da ya yawaita tun da hanyoyi suka lalace da ƴan bindiga. Wannan ba a raba dukiyarsa da gaggawa. Matarsa takan kai magana gaban alƙali, a yi cigiya, in ba a dace ba a Malikiyya a yanka mata shekara 4 kafin ta yi idda. Tsawon wannan lokaci gidan na bukatar hatsi kamar kowane gida, kuma ba wanda ke zuwa musu gaisuwa, tun da ba a ce ya mutu ba.

Akwai kuma waɗanda ba su bar garke ba, ba su bar bashi a Kudu ba. Mai kora da ke kwana a daji da shanun wani. Yaron da ke zama bisa katako a bayan tirela kwana biyu yana tayar da saniyar da ta kwanta don kada a tattake ta. Tsohuwar da ta shekara talatin tana dama mana fura a bakin kara, tana ba mu bashi in kasuwa ta ƙi. Gadonsu duka bai wuce ladan tafiyar ƙarshe ba, shi ma wani maigidan sai ya yi kamar ya manta. A biya shi cikakke, a ɗora wani abu a kai. Dattawan da muke kuka a kansu yau, da yawansu marayu ne da wani maigida ya ɗauka, ya koya musu duba haƙori da taɓa tozo, ya ba su jarin fari. In mamaci ya bar saurayi mai hankali, wani cikinmu ya jawo shi. In ƙarami ne yana lakwal ko makarantar allo, a bar shi ya yi karatunsa, a taimaka wa uwar.

Muna roƙon kowane reshe, in an yi rashi, a tura mutum biyu su zauna da iyali bayan an watse. Su rubuta garin mamacin, da wurin wanda ya koyi sana'a, da hanyoyin da ya bi, da yaran da ya yaye, da matan da ƴaƴan da ya bari. A wata takarda daban su rubuta wanda yake bi da wanda ke binsa, a karanta ta a kara ran kasuwa don mai shaida ya yi magana. Ta farko a aiko wa magatakarda mu buga, ta biyu ta zauna wurin shugaban reshe har a gama biya.

Komawa ta biyu kuma a yi ta da bazara, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hadari ya fara haɗuwa. A lokacin ne gidan da ba namiji ke rasa iri da mai huɗa. Wanda ke da shanun noma kusa da ƙauyen ya ba da su yini guda, sauran a haɗa kuɗin buhun hatsi ran kasuwar da ke gaba.