Ƙwayar Ciya da Dusar Gero: Lissafin Kalori a Ƙasar Adar

In aka zuba cokali ɗaya na ƙwayar ciya cikin kofin ruwa, aka bar shi kamar minti goma sha biyar, ƙananan ƙwayoyin nan baƙi-baƙi da toka-toka, waɗanda ba su fi ƙwayar riɗi girma ba, sai su kumbura, kowace ta lulluɓe kanta da yauƙi, ruwan ya yi kauri. Wannan abin kallo shi ne babban jarin masu tallar ciya a TikTok da WhatsApp da Facebook, kuma ta waɗannan kafofi ne sunanta ya iso wayoyin mutanen Tawa da ke ƙasar Adar, ita kuma ta biyo baya cikin ƴan ledoji masu ɗauke da rubutun "chia". Ana cewa tana narkar da teɓa, tana saukar da sukari da hawan jini, tana hana mai azumi jin ƙishirwa. Matsayina a kan wannan yayi shi ne: ciya abinci ce mai kyau, amma an ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba, kuma yawancin abin da ake nema a cikinta abu ne da muka surfe daga abincinmu da hannunmu. Wanda ya iya lissafin kalori zai gane haka cikin sauƙi.

Asalin ciya ƙasar Meziko ce da Gwatamala, inda mutanen Aztek suka noma ta tare da masara da wake tun kafin zuwan Turawan Sifen. Dangin na'ana'a da ɗoɗɗoya ce, shi ya sa ƴaƴan wani nau'in ɗoɗɗoya ma kan yi yauƙi in sun jiƙa. A yau Faragwai da Bolibiya da Ajantina na cikin manyan masu nomanta, Tarayyar Turai kuwa sai a 2009 ta amince a sa ta cikin burodi. Bisa alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka, giram 100 na ciya na ɗauke da kalori 486, da mai kimanin giram 31, da furotin kusan giram 17, da kalsiyam fiye da miligiram 600, da kuma fiba wajen giram 34. Fiba ita ce ɓangaren tsiro da ciki ba ya narkarwa, irin wanda ke cikin dusa da ganye, mai sauƙaƙa bayan gida da jinkirta shigar sukari cikin jini. Fiye da rabin man da ke cikinta nau'in omega-3 ne na tsirrai. Duk wannan gaskiya ne, babu mai ja.

Sai dai lambar farko a jerin nan ita ce mai talla ba ya son ambata. Kalori awo ne na ƙarfin da abinci ke bai wa jiki, kamar yadda lita take awon man fetur. Wanda ake rubutawa a jikin leda shi ne adadin zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. Giram ɗaya na sitaci ko sukari na ba da kalori 4, na furotin ma 4, na mai kuwa 9. Baligi yana bukatar tsakanin 2000 da 2500 a yini, gwargwadon jikinsa da aikinsa. Manomin da ya yini da hauya yana ƙona fiye da haka, mai zaman shago kuwa ƙasa da shi. Abin da aka ci jiki bai ƙona ba, kitse yake komawa, ko daga me ya fito. In muka mayar da wannan cikin awonmu na gida, tiya ɗaya ta gero, wadda ke kusan kilo biyu da rabi, tana ɗauke da kalori wajen 9000, wato ƙarfin yini guda na manya huɗu. Cokalin miya na mai ya kai 120, kwalbar lemo mai santilita 33 kusan 140, cokalin ciya kuwa kusan 60. Giram da giram, ciya ta fi sukari kalori. Matar da ta zuba cokali biyu cikin yawur mai zaƙi, ba ta rage komai daga abincin rana ba, ta ƙara wa kanta kalori 120 tana zaton ragewa take yi.

Me ya sa, to, wannan ƙwaya ta samu kunnen sauraro a garin da ruwan samansa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba? Dalili na farko shi ne cimar birni ta sauya, aiki ma ya sauya. Adar ƙasar ƴan ci-rani ce. Kuɗin da ke zuwa daga Abijan da Libiya da Kamaru da Najeriya sun gina gidaje, sun kuma canza abin da ke cikin tukunya. A gidajen masu hali na Tawa shinkafar waje da taliya da burodi sun ture tuwo gefe, mai ya yawaita a miya, shayi zubi uku da sukarinsa bai bar majalisa ba, tafiyar da ake yi da ƙafa kuma ta koma kan kabu-kabu. Geron ma da aka riƙe, dubi yadda ake yi masa: a surfa, a bakace, a wanke, a kai inji, har sai garin ya yi laushi da haske, dusar kuma a jiƙa wa ragon layya. Sakamakon shi ne ciwon sukari da hawan jini da cushewar ciki, cututtukan da a da ake jin labarinsu daga nesa. Dalili na biyu shi ne sauyin abin da ido ke so. A ƙasar nan an daɗe ana ɗaukar ƙiba alamar hutu da wadata. Rebecca Popenoe ta rubuta littafi guda a 2004 kan al'adar ɗura wa ƴan mata abinci tsakanin Larabawan Azawak, a arewacin jihar Tawa. Yau ƴan mata da matan aure na birni na ganin wata siffa dabam a waya, likita kuma na cewa a rage jiki. Dalili na uku shi ne tsohuwar ɗabi'armu ta neman waraka a cikin ƙwaya guda. Kasuwar da ta saba sayar da hulba da habbatus-sauda, har da magungunan sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, ba ta sha wahala ba wajen samar wa baƙuwa wurin zama.

Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma an gwada ciya. A 2009 David Nieman da abokan aikinsa a wata jami'ar Karolina ta Arewa, a Amurka, sun bai wa masu ƙiba giram 50 na ciya kowace rana har mako 12. Sinadarin omega-3 ya ƙaru a jininsu, amma nauyinsu bai ragu ba. A Toronto ta Kanada, ƙungiyar Vladimir Vuksan ta samu sakamakon da ya fi daɗin ji: a binciken 2007 hawan jinin masu ciwon sukari ya ɗan sauka, a na 2017 kuma masu cin ciya sun rage kusan kilo 2 cikin wata shida. Abin lura a nan shi ne mutanen binciken na biyu duk an riga an rage musu kalorin abincinsu, ciya ta zo ne a matsayin mataimakiya, mai sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. Kilo 2 cikin rabin shekara abin so ne, amma ya yi nisa da alkawarin narkar da tumbi cikin mako biyu. Abin da binciken ya nuna bai wuce wannan ba: ciya tana taimakon wanda ya riga ya gyara kwanonsa, ba ta gyara masa shi.

In kuwa amfaninta na fiba ne da yauƙi da kalsiyam, to tambayar da ta dace ita ce ko ƙasar Adar ta rasa waɗannan. Yauƙin da ake mamaki a kofin ciya ɗan'uwan yauƙin kuɓewa ne da kuka da lalo, waɗanda ake kaɗawa a miya kowane dare. Riɗi da ba a cire wa ɓawo ba ya fi ciya kalsiyam, kusan miligiram 975 a giram 100. Wake ya fi ta furotin, wajen giram 23, ga fiba fiye da giram 10, kuma ana cinsa da yawan da ba wanda zai iya cin ciya haka. Ayar Maraɗi cike take da fiba, haka garin kuka da magariya da goriba da kwaɗon zogale. Cuku da nonon da ke saukowa daga Abalak da Cintabaraden na ba da kalsiyam da jiki ke saurin sha. Gaskiya ne babu ɗaya cikinsu da ya tara komai wuri guda kamar ciya, amma mutum ba abu ɗaya yake ci a yini ba. Kwanon dambu da zogale da ƙuli-ƙuli, ko tuwon geron da ba a tsananta wa surfe ba da miyar kuka da wake, sun biya bukatar da ake tsallaka teku ana nema.

Mai kare ciya zai ce an bar omega-3 a baya, kuma yana da hujja. Riɗi da gujiya da gero ba su kusanci ciya a wannan fanni ba, kuma mutanen da ke nesa da teku ba su cika samun isasshensa ba. Amsa ita ce nau'in da ke cikin tsirrai sai jiki ya juya shi kafin ya zama irin wanda zuciya da ƙwaƙwalwa suka fi amfani da shi, kuma kaɗan ne ƙwarai ke juyawa. Kifi yana ba da shi a shirye: sadin na gwangwani yana da shi da yawa, kifin tafkin Tabalak ma yana da rabonsa. Wani kuma zai ce kayan gida na da nasu aibu, gujiyar da ta yi fumfuna na ɗauke da guba mai lahanta hanta, ganyen da aka shanya a ƙasa yakan kwashi ƙura. Wannan ma gaskiya ne, amma maganinsa gyaran shanya da ajiya, aikin da zai amfani kowa da kowa, mai kuɗi da maras shi.

Illolin yayin su ne suka fi damuna. Mafi muni shi ne mai ciwon sukari ko hawan jini ya ajiye maganin likita ya koma ga ruwan ciya da lemun tsami. Waɗannan cututtuka ba sa kuka kafin su taɓa ƙoda ko ido, ko su kayar da mutum da shanyewar ɓarin jiki. Wanda ke shan maganin tsinka jini ko na hawan jini ya kamata ya sanar da likitansa kafin ya mayar da ita abin sha na kullum. Akwai kuma haɗarin shan ta a bushe: a 2014 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wani mutum da ya haɗiyi cokali guda busasshe ya kora da ruwa, ta kumbura ta toshe masa maƙoshi. Ƙwayar da ke shan ruwa ninki goma na nauyinta ba abin bai wa ƙaramin yaro ba ce a bushe. Batun azumi kuwa, ruwan da ciya ta riƙe shi ne dai ruwan da aka zuba mata, ba ta ƙaro ko ɗigo. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke wuce digiri 40 a Tawa, fiba mai yawa ba tare da isasshen ruwa ba kumburin ciki take jawowa.

Za a iya cewa mai kuɗinsa yana da ikon sayen abin da ya so. Haka ne, sai dai kalori a ƙasar Adar fuska biyu gare shi. Tafiyar sa'a ɗaya daga kasuwar Tawa, a ƙauyukan Kalfu da Barmu da Takanamat, matsalar damina ita ce rumbu ya yi ƙasa daidai lokacin da aikin gona ya fi cin ƙarfi. Mutanen da suka ga yunwar 1973 da 1984 da 2005 sun san anza, wadda ake jiƙa ƴaƴanta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita. Fiye da yara huɗu cikin goma a Nijar ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki. Abin da ya ceci dubban yara a 2005 shi ne Plumpy'Nut, leda mai giram 92 da kalori 500, wadda tushenta gujiya ce da madara da mai da sukari, kuma ana haɗa ta a Yamai. Ilimin da ke gaya wa matar birni ta rage cokalin mai, shi ne ke gaya wa uwar ƙauye ta ƙara cokalin mai da garin ƙuli-ƙuli a kunun ɗanta. Yayin ciya, in ya koya wa mutane cewa lafiyayyen abinci shi ne mai tsada da ke zuwa daga waje, zai sa uwar nan ta raina waken da ke rumbunta, ta sayar da shi da arha bayan kaka.

Alherin wannan yayi shi ne mutane sun fara tambayar abin da ke cikin abincinsu, kuma bai kamata a bar amsar a hannun masu talla ba. Ma'aikatan lafiya da gidajen rediyon jihar za su iya bayyana kalori da awon da kowa ya sani, tiya da ludayi da cokali da ƙwayar sukari. Jami'ar Djibo Hamani da cibiyoyin binciken noma za su yi babban aiki in suka fitar da bayanin abin da ke cikin kwanon fura da na dambu da na tuwo yadda ake dafa su a Adar, cikin Hausa da Tamajak da Fulatanci. Wanda ke da hali kuma yana son ciya, ya jiƙa cokali ɗaya ko biyu, ya ci ta a madadin fanke ko lemon kwalba, ya ci gaba da shan maganinsa. Wanda ba shi da hali bai yi asarar komai ba: ya rage sukari a shayi, ya yawaita wake da ganye, ya taka da ƙafa zuwa kasuwa, a kuma sassauta wa gero surfe, don kada rago ya ci gaba da cinye rabon da ya kamata ya shiga cikin tuwon iyali.