Wuƙar Da Ke Cikin Jikinmu

Sa'ad da aka tura ni gwajin koyarwa a wata makaranta nan cikin Keffi, ina koya wa yara labarin fararen ƙwayoyin jini, na ce musu su ne dakarun jiki, su kan haɗiye ƙwayoyin cuta. Sai wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, in sun haɗiye, da me su ke taunawa, tun da ba su da haƙori?" Na yi shiru, 'yan aji suka yi ta dariya. Tun daga ran nan na shiga bincike, ga abin da na samo, ko zai amfani 'yan'uwana masu shirin malanta.

Kowa ya san dabarar iyayenmu mata. In naman da aka sayo a kasuwa na tsohon sa ne, sai su naɗe shi cikin ganyen gwanda, ko su jefa ɗanyar gwanda cikin tukunya, ya yi laushi. Dalili kuwa shi ne cikin farin ruwan nan na gwanda akwai wani sinadari, fafayin, mai tsinka zaren nama. To, jikin ɗan Adam yana da dangin wannan sinadari har iri 11, ana ce da su katefsin. Wanda zan ba da labarinsa shi ne katefsin B.

Jikinmu duka an gina shi da 'yan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Cikin kusan kowane irinsu akwai waɗansu 'yan jakunkuna masu ruwan tsami. Wani masani na ƙasar Beljiyam, Christian de Duve, shi ya gano su a 1955 yana binciken hantar ɓera, ya sa musu suna laisosom, aka kuwa ba shi lambar Nobel a 1974. Jakar nan ita ce tumbin ƙwayar. Tana ɗauke da sinadaran narkarwa fiye da iri 50, katefsin B yana cikinsu. Umarnin ƙera shi yana rubuce cikin abin gadonmu, a kan kuromosom na 8, kowa kuwa ya gāji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda jiki ke tsare kansa daga wannan wuƙa. Da kubenta a ke ƙera ta. Ba ta fita kube sai ta isa cikin jakar, inda tsami ke sa a cire shi. In kuwa ta ɓulla waje, tsamin ya ragu, kaifinta ya dushe, ga kuma waɗansu sinadarai da ke jira su kama ta. Saboda haka amsar yaron nan ke nan: farar ƙwaya ta haɗiye abokin gaba, ta tura shi cikin jaka, katefsin su daddatsa shi. Ɗan'uwansa katefsin S kuma ya taimaka a fito da gutsattsarin bisa fatar ƙwayar, don sauran dakaru su gani su shaida maƙiyin in ya komo.

Amma wuƙa ba ta san mai ita ba. Cikin ciwon daji iri iri an iske ƙwayoyin da suka lalace suna zubo katefsin B waje, yana yanka musu hanya zuwa naman da ke kewaye. Haka nan kuma bairus ɗin Ebola. A 2005 masana a Boston ta Amurka suka nuna cewa shi da kansa ya ke bari a haɗiye shi. Da ya shiga, katefsin B da L su datse masa rigarsa ta waje, da datsewar nan ya ke samun mabuɗin fita daga jakar ya shiga tsakar ƙwayar ya hayayyafa. A 2011 aka gano ƙofar da mabuɗin ke buɗewa. Aka sa rai in an toshe katefsin an gama da cutar, amma da aka gwada ɓerayen da ba su da katefsin B, ko L, sai suka kamu duk da haka, gama bairus ɗin ya sami wata wuƙar.

Ina yaro sa'ad da Ebola ta shigo Ikko cikin watan Yuli 1914 da ɗari, watau 2014, ta kashe mutum 8, har da Likita Stella Adadevoh wadda ta hana majinyacin farko fita asibiti. Ban manta ba daren da aka tashe mu cikin watan Agusta aka ce kowa ya yi wanka da ruwan gishiri ya kuma sha. Waɗansu sun rasa ransu ta haka. Don wannan ina roƙo, kada wani ya karanta abin da na rubuta ya tafi gari yana cewa gwanda maganin Ebola ce. Ba ita ba ce ko kaɗan, misali kawai na yi da ita.

Ran Litinin mai zuwa zan koma ajin nan da yankan nama biyu, ɗaya naɗe cikin dakakken ganyen gwanda, ɗaya haka nan. Yaron da ya yi tambayar shi zan ba ya taɓa su bayan tashi daga makaranta, ya gaya wa 'yan'uwansa wanne ya fi laushi.