Dajin Karura: Yadda Sawun Jama'a Ya Tsare Gandun Daji a Birnin Nairobi

Duk wanda ya bar tsakiyar birnin Nairobi, babban birnin ƙasar Kenya, ya kama hanyar Limuru ya nufi arewa, ba zai yi nisa ba sai ya tarad da wata ƙofa a gefen titi. Da zarar ya shige ta sai ƙarar motoci ta ɗauke, ya ga kansa cikin inuwar manyan itatuwa, ba ya jin kome sai kukan tsuntsaye da sawun masu tafiya. Wannan shi ne Dajin Karura, wanda faɗinsa ya kai hekta 1,041, watau fiye da eka 2,500, kuma gidaje da ofisoshi sun kewaye shi ta kowane gefe, a birnin da ƙidayar 1969 ta samu mutanensa kamar rabin miliyan, ta 2019 kuwa ta same su sun haura miliyan 4.

Abin tambaya shi ne, ta yaya fili mai wannan girma ya tsira a wurin da kowane taku na ƙasa yake da tsada?

ABIN DA KE CIKI

Turawan mulkin mallaka ne suka ayyana Karura a matsayin gandun daji na gwamnati a shekarar 1932. Kafin nan da kuma bayan nan an sare itatuwan asali da yawa, aka maye gurbinsu da itacen turare da makamantansa, domin samun makamashi da katako. Duk da haka wani sashe na tsohon dajin ya saura, musamman a bakin rafukan da ke ratsa shi suna gangarawa zuwa Kogin Nairobi.

A kan ɗaya daga cikin rafukan nan akwai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse mai tsawon mita 15. Kusa da shi akwai koguna na dutse waɗanda aka ce 'yan Mau Mau sun riƙa ɓuya a ciki lokacin da suke yaƙar Turawan Ingila, wajen shekarar 1952 zuwa gaba. An ƙidaya tsuntsaye fiye da iri 200 a dajin, ban da gada da mazo da beguwa da aladen daji da birai.

Hanyoyin da aka share domin jama'a sun kai kilomita 50. An kafa alamu masu lamba a mararraba, don haka baƙo ma ba ya ɓata. Mai son tattaki ya zaɓi zagayen kilomita 5, ko 10, ko 15, gwargwadon ƙarfinsa. Wanda bai zo da kekensa ba yana iya ɗaukar na haya. A ranakun hutu za a ga magidanci da iyalinsa, da 'yan makaranta tare da malamansu, da ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda ofishinsu na unguwar Gigiri yake daura da dajin.

Nairobi na da wani gandun da ya fi wannan suna, watau gandun namun daji da aka kafa a kudancin birnin a shekarar 1946, mai faɗin murabba'in kilomita 117. Amma can akwai zakuna da karkanda, saboda haka cikin mota ake zagaya shi. Karura kuwa na mai ƙafa ne da mai keke.

RANAR DA AKA ZUBAR DA JINI

A zamanin mulkin Shugaba Daniel arap Moi aka riƙa yanka filayen gwamnati a asirce ana ba wasu kamfanoni da masu uwa a gindin murhu. A shekarar 1998 ta bayyana cewa an rabar da wani babban yanki na Karura domin a gina gidajen alfarma, har katafiloli sun shiga sun fara aiki.

Wadda ta tsaya ta ce ba za ta saɓu ba ita ce Farfesa Wangari Maathai, macen da ta fara samun digirin dakta a Gabashin Afirka da Tsakiyarta a shekarar 1971, wadda kuma ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa ta Green Belt Movement a shekarar 1977. Ta rubuta wa hukuma takardu, ta sanar da jaridu, sa'an nan ita da matan ƙungiyarta suka riƙa shiga dajin suna dasa itatuwa a wuraren da aka share.

Ran 8 ga watan Janairu na 1999 ta je bakin dajin tare da magoya bayanta da wasu 'yan majalisa da 'yan jarida, da nufin dasa itace. Wasu ƙarti da aka ajiye suna gadin wurin suka far musu da kulake da bulala, aka fasa mata kai. Da yake an ɗauki hoton abin da ya faru, labari ya bazu a duniya, ɗaliban jami'a kuma suka fito kan titunan Nairobi suka yi ta arangama da 'yan sanda. Ba a daina ba sai a watan Agusta na wannan shekara, sa'ad da Shugaba Moi ya ba da sanarwar hana rabon filayen jama'a, magina suka kwashe kayansu. A shekarar 2004 aka ba Wangari Maathai lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya, ita ce kuma mace ta farko daga Afirka da ta samu. Ta rasu a shekarar 2011.

TSUGUNE BA TA ƘARE BA

Korar magina ba ta mai da dajin wurin shaƙatawa ba. Har kusan shekara goma bayan haka mutanen Nairobi tsoronsa suke yi, domin ya zama maɓoyar 'yan fashi, wurin da akan tsinci gawa. Masu satar itace suna ta ɓarna ba mai hana su. Dajin da jama'a ke gudu kuwa ba shi da mai kare shi, ko ba daɗe ko ba jima wani zai ce gara a share shi a huta.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne dokar gandun daji ta 2005, wadda ta ba mazauna kusa da daji ikon kafa ƙungiya su haɗa hannu da hukuma wajen kula da shi. A shekarar 2009 aka kafa ƙungiyar Friends of Karura Forest, watau Abokan Dajin Karura. Tare da Hukumar Gandun Daji ta Kenya suka tara gudummawa aka kewaye dajin da shingen waya mai lantarki, aka share hanyoyi, aka sa kuɗin shiga. Aka ɗauki masu sintiri da masu aikin dashe daga unguwannin talakawa da ke maƙwabtaka, irin su Huruma, ta yadda wanda da yake shiga ya saci itace ya koma cin abinci daga tsaron dajin. Kuɗin da masu yawo ke biya a ƙofa shi ya riƙa biyan albashi da gyaran shinge.

Sannu a hankali ana cire itacen turare ana mayar da itatuwan asali. Daga shekarar 2014 aka shiga kawo wasu birai masu gashi baƙi da fari, waɗanda ake kira kolobas, daga yankunan da aka cinye musu daji, suka zauna har suka hayayyafa.

Har ila yau masu kwaɗayin filin ba su haƙura ba. A shekarar 2024 ƙungiyar Green Belt Movement ta garzaya kotu kan shirin faɗaɗa hanyar Kiambu wanda zai ci wani yanki na dajin, kotu kuma ta dakatar da shi. A shekarar 2025 saɓani ya taso tsakanin hukumar da ƙungiyar Abokan Dajin a kan wanda zai riƙa karɓar kuɗin ƙofa. Bambancin da ke akwai shi ne, a 1998 mutane ƙalilan ne suka san abin da ake shirin ƙwace musu, yanzu kuwa dubban mutanen da suka taka hanyoyin nan da ƙafarsu su ne ke ɗaga murya tun kafin a sare itace guda.

A nan Nijeriya akwai misali irin wannan a Legas, inda gidauniyar Nigerian Conservation Foundation ta keɓe hekta 78 a Lekki a shekarar 1990, ta shimfiɗa hanyoyin katako a kan fadama, daga bisani aka ƙara gadar sama mai tsawon mita 401. Gine-gine sun mamaye kewayen, amma wurin yana nan, maziyarta na shiga. Sauran biranenmu da ke da tsofaffin gandayen daji a bakin gari, ya kamata hukumomi da mazauna unguwanni su dubi wannan tun kafin masu awon fili su riga su, su share hanya, su sa masu tsaro, su buɗe wa jama'a ƙofa.