DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: Gyaran Tsohon Saksofon da Sayar da Shi

'Yan'uwa manoma, a wannan fitowa za mu ɗan jingine fartanya mu yi zancen wani abin busa na Turawa da ake kira saksofon. Dalili kuwa shi ne, 'yan gwangwan suna bin ƙauyuka suna sayen tsohon ƙarfe a kan sikeli, kuma tagulla ce suka fi so. A wasu gidajen tsofaffin sojoji da 'yan sanda, da ɗakunan ajiya na makarantu da na ƙungiyoyi, akan tarar da tsofaffin kayan busa cikin akwati, ƙura ta rufe su. Saksofon mai muryar teno bai wuce kilo 3 zuwa 4 ba. In an auna shi a sikeli, kuɗin tagulla kaɗai za a samu. Amma akwai irin da kuɗinsa ya fi na shanun huɗa. Saboda haka ya kamata mu san abin da ke hannunmu kafin mu rabu da shi.

MENE NE SAKSOFON?

Wani mutumin Beljiyam ne ya ƙago shi, sunansa Adolphe Sax. An haife shi a garin Dinant a 1814, ya kuma yi rajistar wannan aiki nasa a Faris a 1846. Jikin saksofon tagulla ne, watau jan ƙarfe da aka gauraya da tutiya. Yana ɗan kama da algaita, gama akwai wani siririn kara a bakin busarsa, shi ne ke rawa ya ba da murya. A jikinsa akwai ramuka fiye da 20, kowane da marfinsa. A cikin kowane marfi akwai ɗan matashi na fata mai laushi wanda ke toshe ramin sarai idan an danna.

Iri huɗu aka fi sani, kamar muryoyin mawaƙa: sofurano, alto, teno da bariton. Teno shi ne mai lanƙwasa a wuya kamar wuyan zalɓe, muryarsa kuma kusa da ta namiji. Shi ne John Coltrane da Sonny Rollins suka yi suna da shi a Amurka. A Nijeriya ma Fela Kuti ya busa shi.

A FARA DUBA SUNA DA LAMBA

Ba kowane tsohon saksofon ne mai tsada ba. Da yawa an yi su ne domin 'yan makaranta, kuɗinsu kaɗan ne. Sunan kamfanin yana zane a jikin faffaɗan bakin da murya ke fita. Lambar ƙira kuwa tana baya, kusa da ƙugiyar da ake sa babban yatsa. Da wannan lamba ake gane shekarar da aka ƙera shi.

Wanda masu saye suka fi nema shi ne Selmer Mark VI, wanda aka ƙera a Faransa daga 1954 zuwa wajen 1974. Masu lamba ƙasa da 100,000 su ne suka fi daraja, har wasunsu sukan wuce dala 10,000 idan ba a ɓata su ba. Akwai kuma Conn 10M da Buescher na garin Elkhart a jihar Indiyana ta Amurka, da King Super 20 na Cleveland. Su ma suna da kasuwa, ko da yake ba su kai Selmer ba.

Sai mu lura da abu guda. A jikin tsofaffin na Amurka akan ga harafin L ko H kusa da lamba. Mai L yana tafiya daidai da kayan kiɗa na yanzu. Mai H muryarsa ta ɗara tasu tsayi, ba ya jituwa da su, don haka da wuya a sami mai saye. Kada a kashe kuɗin gyara a kansa.

GARIN NEMAN GIRA KADA A RASA IDO

Ga babban abin da muke so mu faɗa. Mu mun saba, in za mu kai keke ko tukunya kasuwa, sai mu goge su sai sun yi ƙyalli. A wajen tsohon saksofon wannan hasara ce. Tun a masana'anta ake shafa masa wani siririn shafi mai sheƙi, wanda yakan yi duhu kamar zuma idan ya tsufa, ya kuma goge a wuraren da hannu ke taɓawa. Masu saye wannan shafi na asali suke so, ko da rabinsa ne ya rage. In an kankare shi domin a sake sabo, sai an goge tagullar da inji, gugar kuwa tana cin ƙarfe. Zanen jiki ya dusashe, bakin ramuka ya daina zama daidai, kuɗinsa kuma ya faɗi ƙwarai.

Don haka kada a kusance shi da toka, ko yashi, ko lemun tsami, ko soson ƙarfe, ko maganin goge tagulla. Tsumma mai laushi ya isa. Kada kuma a kai shi wurin mai walda. Ƙananan ginshiƙan da ke riƙe da marufan da dalma da kuza aka manna su, wutar walda za ta narkar da su su zube. In ya loɓa, kada a sa guduma. Masu gyara suna da sanduna da dunƙulen ƙarfe da suke turawa ta ciki su tayar da wurin a hankali. In za a ɗaga shi, a kama faffaɗan bakin, kada a kama marufan.

GYARAN DA YA WAJABA

Abin da ke hana tsohon saksofon magana yawanci yoyon iska ne. Hunturu yakan busar da fatun su tsage, damina ta sa su yi fumfuna, ƙwari kuma su ci abin da aka cusa a cikinsu. Mai gyara yakan zura 'yar fitila cikin jikin saksofon a ɗaki mai duhu, ya rufe marufan. Duk inda haske ya leƙo, nan iska ke fita.

Cikakken gyara shi ne a kwance dukan marufan, a wanke jikin da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu, a miƙe abin da ya karkace, a daidaita bakin ramuka. Sa'an nan a sa sababbin matasai, a manna su da wani irin ƙaro da ake narkarwa da ɗan zafi. A sake ɓawon nan mai laushi na wuya, irin wanda ake toshe kwalba da shi. A canja wayoyin nan masu tsini kamar allura da ke mayar da marfi wurinsa, in sun yi tsatsa. Aikin kwanaki ne, kuma aikin gwani ne. Wanda yake busawa a ƙungiyar badujala ta soja ko ta 'yan sanda yakan san inda ake samun mai gyara.

Kada a yar da kome. Wuyan asali, da tsohon bakin busa, da akwatin, duk suna ƙara masa kuɗi. Tsohon bakin busa mai suna Otto Link shi kaɗai yakan yi kuɗi mai kauri.

A YI LISSAFI TUKUNA

Manomi ba ya zuba takin naira dubu a gonar da za ta ba shi amfanin ɗari biyar. A Amurka cikakken gyara yakan ci ɗaruruwan daloli, wani lokaci fiye da 1,000. Ga saksofon na 'yan makaranta, kuɗin gyara yana iya fin kuɗinsa. Irin wannan gara a yi masa ɗan gyara a ba matasa su koyi busa. Mai daraja kuwa, in babu gwani kusa, gara a sayar da shi yadda yake. Dillalai da yawa sun fi son wanda ba a taɓa ba, domin su kai wa mai gyaran da suka amince da shi.

RANAR CINIKI

In na ƙungiya ne, a kawo maganar gaban taro, a rubuta a littafi, mutum biyu ko uku su tsaya a kan cinikin. A ɗauki hotuna da rana: suna, zane, wuya, da kowane tabo. A nuna lambar amma a rufe ƙarshenta, domin macuta sukan ɗauki hoton kayan wani su yi talla da shi. A duba a intanet nawa aka sayar da irinsa, ba nawa aka yi masa suna ba. A ji ta bakin mai saye fiye da ɗaya.

A faɗi gaskiyar kayan. In an taɓa sake shafin, ko wuyan ba na asali ba ne, a faɗa. Masu wannan sana'a suna ganewa, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne. Kada a miƙa kaya saboda saƙon waya da ke cewa kuɗi sun shiga, sai ma'aji ya tabbatar a banki. In za a aika da shi nesa, a tokare marufan su zauna a rufe, a cika akwatin da tsumma har ya daina motsi.

To, 'yan'uwa, kafin mai sikeli ya sake zagayowa, sai a buɗe ɗakin ajiya a duba. A rubuta suna da lamba, a ajiye akwatin a kan katako nesa da gara da danshi, sa'an nan a nemi wanda ya sani.